Wa Zai Kwana a Armeniya?

Da yawa daga cikinmu ba mu san da wata ƙasa mai suna Armeniya ba sai a watan Mayun 2019, lokacin da Arsenal za ta kara da Chelsea a wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Baku, aka ce Henrikh Mkhitaryan ba zai je ba. Lafiyarsa ƙalau, ba a kuma dakatar da shi ba. Ɗan Armeniya ne, wasan kuwa a Azarbaijan za a buga, sai shi da iyalinsa da ƙungiyar suka ga zamansa a gida ya fi alheri. Aka lallasa Arsenal da ci 4 da 1, masu ƙorafi suka yi suka gaji, aka wuce wurin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarihin ɗan wasan kansa. A Yerevan, babban birnin Armeniya, aka haife shi a 1989. Yana jariri mahaifinsa ya kwashe su zuwa garin Valence na Faransa, inda zai buga wa wata ƙungiya da Armeniyawan garin suka kafa. Suka komo gida yana ɗan shekara shida. Da ya kawo ƙarfi sai ya sake fita: Yukren, Jamus, Ingila, Italiya. A gida aka haife shi, a waje ya ci abinci. Rayuwar al'ummarsa ke nan a taƙaice.

Armeniya 'yar ƙaramar ƙasa ce a tsaunukan Kokasus, faɗinta bai cika murabba'in kilomita 30,000 ba, ba ta kuma da teku. Ƙidayar ƙarshe ta zamanin Tarayyar Sobiyet, ta 1989, ta sami mutum miliyan 3.3 a cikinta. Ƙidayar 2022 ta sami miliyan 2.93 a rubuce, waɗanda kuma aka tarar a cikin ƙasar lokacin ƙirgen ba su wuce kusan miliyan 2.7 ba. Kashi ɗaya cikin uku na waɗannan suna Yerevan. Ta yamma akwai Turkiyya mai mutum fiye da miliyan 85, ta gabas akwai Azarbaijan mai miliyan 10, kuma duka iyakokin biyu an garƙame su tun farkon shekarun 1990.

Amma in ka tambayi Ba'armene yawan mutanensu, da wuya ya ce maka miliyan uku. Miliyan goma zai ce, uku a gida, bakwai a waje. Wannan lissafin ne nake da ja a kansa. Ban ce ƙarya ne ba, ko da yake akwai ƙarin gishiri: ƙidayar Rasha ta 2010 ta sami Armeniyawa miliyan 1.18, ƙungiyoyinsu na can suna cewa sun haura miliyan biyu. Alƙaluman hukuma a Amurka suna nuna wajen rabin miliyan, shugabannin al'ummar suna ninka shi har sau uku. Damuwata da lissafin ita ce ya zama abin rarrashin zuciya. Ya sa shugabannin Yerevan sun shafe shekara talatin suna leƙen hanya ko 'yan'uwa na tafe, alhali na cikin gida suna fita ta ƙofar baya.

Sai an san yadda aka yi suka warwatsu kafin a gane dalilin da ya sa ba za su komo ba. Tun da daɗewa akwai fatake Armeniyawa daga Benis har Madras, kuma a 1604 Shah Abbas na Farisa ya tasa ƙeyar dubban ɗaruruwansu daga kwarin kogin Aras, ya zaunar da attajiran cikinsu a wata sabuwar unguwa a Isfahan, wadda har yau tana nan da majami'unta. Amma babbar watsewar ta 1915 ce. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗimbin Armeniyawa a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa suke, a Van, Mush, Bitlis, Erzurum, Sivas, Adana da Marash. Hukumar daular ta ce su miliyan 1.2 ne, shugabannin cocinsu suka ce sun kusa miliyan biyu. Kun ga tun a lokacin ƙidaya makami ce. Ranar 24 ga Afrilun 1915 aka kame manyansu a Istanbul, daga nan aka shiga yanka maza, ana kora mata da yara a ƙasa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya. Armeniyawa suna cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka salwanta, masana tarihi da yawa suna cewa wajen miliyan ɗaya, Turkiyya kuma tana rage adadin, tana cewa asarar yaƙi ce da ta shafi kowa, ba kisan ƙare dangi ba ne. Ni dai na duba na ga garuruwan da ke cike da su a 1914, yau da ƙyar ka sami ko gida ɗaya. Ban san wani suna da ya dace da wannan ba in ba wanda Turkiyya ke ƙi ba.

Ga mai saurin mayar da kowace magana ta addini, ya dakata. Larabawan birnin Halab na Siriya da na ƙauyukan hamada ne suka ɓoye marayu da yawa, Sharif Husaini na Makka ya rubuta takarda yana umartar a kare Armeniyawan da suka tsira, kuma yau Jamhuriyar Musulunci ta Iran, wadda ta ware musu kujeru biyu a majalisarta, tana cikin maƙwabtan da Armeniya ta fi jingina da su, yayin da Isra'ila ke sayar wa Azarbaijan makamai.

Waɗanda suka tsira suka zauna a Halab, Beirut, Alƙahira, Marseille, Buenos Aires, Boston da Fresno. Wasu sun iso har nahiyarmu. Akwai su a Khartoum, kuma a 1924 Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Haile Selassie, ya ɗauko marayu arba'in daga Ƙudus ya kai su Addis Ababa suka zama mabusan fada, malaminsu Kevork Nalbandian kuma shi ya tsara kiɗan taken Habasha na wancan zamani. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan ba daga Armeniyar yau suka fito ba. Ƙasarsu tana cikin Turkiyya ta gabas da ta kudu. Shi ya sa a unguwar Bourj Hammoud ta Beirut suka raɗa wa layukansu Sabuwar Marash, Sabuwar Adana, Sabuwar Sis. Ko dutsen Ararat da ke jikin tambarin ƙasar, wanda ake hangowa daga Yerevan in gari ya yi haske, a cikin Turkiyya yake. (Su a nan suke cewa jirgin Annabi Nuhu ya tsaya; mu kuma Alƙur'ani Judi ya ambata mana.) Harshensu ma ya rabu biyu, na yamma da 'yan ƙetare ke yi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa, da na gabas da ake yi a Yerevan. In ka ce wa jikan mutumin Marash da ke zaune a Kalifoniya ya “koma gida” Yerevan, ka kira shi ne zuwa garin da kakansa bai taɓa takawa ba.

An taɓa gwadawa, da gaske kuma. Daga 1946 zuwa 1949 Stalin ya buɗe ƙofa, aka yi shela a Siriya, Labanan, Masar, Girka, Faransa da Iran, mutum wajen 90,000 suka sayar da abin hannunsu suka hau jiragen ruwa. Suka tarar da yunwa da layin burodi da 'yan leƙen asiri. 'Yan gida suka laƙaba musu suna “akhpar”, ana kwaikwayon yadda suke furta kalmar ɗan'uwa. A 1949 aka loda wasunsu a jirgin ƙasa zuwa Altai a Saibiriya. Da aka ɗan sassauta fita a shekarun 1970, su da 'ya'yansu ne suka fara cika jakar tafiya. Wannan labarin yana nan a bakin tsofaffi a kowace unguwar Armeniyawa a duniya.

Daga baya kuma duk lokacin da wuta ta tashi inda suke, ina suka dosa? Na Masar sun fita zamanin Nasir, na Labanan bayan yaƙin basasar da ya ɓarke a 1975, na Iran bayan 1979, na Iraƙi bayan 2003. Yawancinsu Los Angeles, Montreal, Sydney da Faris suka nufa. A ce na farko sun guji Sobiyet ne. To na Halab fa? Bayan 2011 fiye da mutum 20,000 daga Siriya sun zo Armeniya mai 'yancin kanta, an ba su takardar zama 'yan ƙasa cikin sauƙi, sun buɗe gidajen abinci da shagunan ƙira, amma wani kaso mai tsoka ya yi amfani da Yerevan ne kamar zango, ya huta ya wuce Kanada ko Suwidin. Ba na zarginsu. Mutum da iyali yana bin inda aiki yake.

Yanzu mu dubi ƙofar bayan. Ranar 7 ga Disambar 1988 girgizar ƙasa ta Spitak ta kashe mutum kusan 25,000, ta rusa birni na biyu, Leninakan, wanda yanzu ake kira Gyumri. Sai Sobiyet ta wargaje, sai yaƙi da Azarbaijan a kan Nagorno-Karabakh, yankin da ke cikin Azarbaijan amma Armeniyawa suka fi yawa a cikinsa, sai aka toshe bututun gas da layin dogo. Tashar nukiliya ta Metsamor tana rufe har 1995. Armeniyawa suna kiran wannan lokacin shekarun duhu da sanyi: wutar lantarki awa ɗaya ko biyu a rana, a ƙasar da ruwa ke daskarewa, mutane suna sare itatuwan titi suna ƙona littattafai don ɗumi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar daga lokacin zuwa yau. Gyumri da ta haura mutum 200,000 ta komo kusan rabi, kuma fiye da shekara talatin bayan girgizar akwai iyalan da ke kwana a akwatunan ƙarfe da aka ba su na wucin gadi.

Akwai kuma fitar da ba ta shiga lissafin ƙaura sosai, wadda suke kira “khopan”. Cin rani ne sak, sai dai nasu da bazara ake tafiya. Da sanyi ya saki, mazan ƙauyukan Gegharkunik, Shirak da Lori sai su nufi Rasha aikin gini da shimfiɗa kwalta, ba a ganinsu sai dab da sabuwar shekara. Mata su yi noman dankali, su yi kiwo, su binne mamata. A wajen 2013 kuɗin da ake aikowa daga waje ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar. Wani ya yi shekara goma yana kai da komo, ran nan sai ya aiko a kawo masa iyali, a sa wa gidan kwado. Wani kuma ya yi sabon aure a can, aike ya yanke.

Haihuwa ta bi sahu. A 1990 an haifi jarirai kusan 80,000. A 2001 da 2002 wajen 32,000 kacal. Ta ɗan farfaɗo, ta komo wajen 36,000 a farkon shekarun 2020. Ku riƙe waɗannan shekarun biyu, 2001 da 2002, domin yaran da aka haifa a cikinsu, mafi ƙaranci a tarihin ƙasar na kusa zuwa lokacin, su ne suke bautar ƙasa a bariki lokacin da yaƙin kwana 44 da Azarbaijan ya tashi a 2020. Sojan Armeniya kusan 3,800 suka mutu, da yawansu 'yan shekara goma sha takwas zuwa ashirin. Daga ƙaramin rumbu aka ɗebi iri aka zuba a wuta.

Me shugabanni suka yi? Sun yi alƙawarin lamba. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin, Serzh Sargsyan, ya ce nan da 2040 ƙasar za ta kai miliyan huɗu. Wanda ya ture shi ya zama firaminista, Nikol Pashinyan, ya ga abin ya yi kaɗan, ranar 21 ga Satumbar 2020 ya ce miliyan biyar nan da 2050. Kwana shida bayan nan yaƙi ya ɓarke. Daga 2022 gwamnati tana biyan dram 50,000, kuɗin ƙasar ke nan, duk wata, abin da ya ɗan haura dala 100, a kan ɗa na uku zuwa sama har ya shekara shida. An halatta riƙe takardun ƙasa biyu a 2007, an kafa ma'aikatar 'yan ƙetare a 2008, aka rushe ta a 2019 aka maye gurbinta da ofishin kwamishina, aka ɗauko tsohon magajin garin Glendale ta Kalifoniya, Zareh Sinanyan, aka ba shi. Duk ba laifi ba ne. Kuɗin goyo yana rage wa uwa wahala. Amma ban yarda akwai matar da za ta ƙara haihuwa saboda dala ɗari ba, alhali mijinta yana Krasnodar ta Rasha wata tara a shekara, ɗanta na fari kuma yana jiran takardar kira soja zuwa kan iyakar da ake harbi. In ma ta haifa, wa ya ce yaron a Armeniya zai yi aiki? Ƙasa tana iya ciyar da ɗa shekara ashirin, Mosko ta ci moriyarsa.

Akwai wata asarar da ba Turkawa suka jawo ba, ba kuma girgizar ƙasa ba. Da na'urar duba ciki ta yaɗu a shekarun 1990, iyalai da suka ƙudurta tsayawa a 'ya'ya biyu suka shiga zubar da cikin mace don neman namiji. A wajen 2000 ana haifar maza kusan 120 a kan kowace mata 100, alhali abin da Allah Ya saba shi ne wajen 105. Sai a 2016 aka yi dokar hana zubar da ciki saboda jinsi, kuma abin ya ragu da wa'azi da wayar da kai. Al'ummar da ke kuka ta yi kaɗan, ita ce da hannunta ta hana dubban iyayen gobe zuwa duniya. Duk jawabin miliyan biyar da bai fara da wannan ba, cika baki ne.

'Yan ƙetare sun yi wa ƙasar nan hidima, kada a ce ban faɗa ba. Asusun Hayastan da aka kafa a 1992 ya gina hanyoyi da makarantu, attajiri Kirk Kerkorian ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a tituna da gidajen yankin girgiza, kuma nacinsu ne ya sa Faransa a 2001, majalisar Jamus a 2016, da shugaban Amurka Joe Biden a 2021 suka kira abin da ya faru a 1915 da sunansa. Amma kuɗin ya zo da murya, muryar kuma sau da yawa ta fi ta 'yan gida zafi. Lokacin da ake shirin sa hannu a yarjejeniyar Zurich ta 2009 don buɗe iyaka da Turkiyya, zanga-zanga ce ta tarbi Sargsyan a Faris, Los Angeles da Beirut. Na fahimci ciwon. Wanda ba shi da abin da ya gada daga Van sai labarin kisa, in ka ce ya sassauta, kamar ka ce ya manta kakarsa ne. Sai dai Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa wani ke kiran ruwan daga Glendale, wani yake jiƙewa a Syunik, lardin kan iyaka a kudancin Armeniya.

Ƙarin jama'a mafi girma da Armeniya ta samu a 'yan shekarun nan, ta hanyar da ba wanda ya roƙa ya zo. Bayan wata tara da toshe hanyar Lachin da ta haɗa Karabakh da Armeniya, Azarbaijan ta kai farmaki ranar 19 ga Satumbar 2023, cikin mako guda mutum fiye da 100,000, kusan duk Armeniyawan Karabakh, suka kwararo ta hanya ɗaya tilo zuwa garin Goris na Armeniya. A takarda yawan jama'a ya sake doshin miliyan uku. Ga su nan, harshe ɗaya, addini ɗaya, manoma da malamai, kuma sun fi 'yan Yerevan yawan 'ya'ya. In ƙasar ta kasa ba waɗannan gida da aiki, har dubbai daga cikinsu suka riga suka wuce Rasha, da wane baki za ta kira likitan da ke Marseille?

Wani abin da Armeniyawa ba sa son a taɓo shi ne yadda aka yi ƙasarsu ta zama kashi 98 cikin ɗari ƙabila ɗaya, in ka cire Yazidawa wajen 30,000 da 'yan tsirarun Rashawa da Assuriyawa. Ba haka take ba a da. Kafin Rasha ta karɓe yankin Yerevan daga Farisa a 1828, Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, wani ɓangare saboda kwashewar da Shah Abbas ya yi. Ƙidayar 1979 ta sami Azarbaijanawa 160,000 a Armeniya. Daga 1988 zuwa 1991 kusan duka aka kore su, daidai lokacin da kashe-kashen Sumgait da Baku suka koro Armeniyawa fiye da 300,000 daga Azarbaijan, sannan yaƙin farko ya raba Azarbaijanawa dubban ɗaruruwa da Aghdam, Fuzuli da Kalbajar. Masallaci ɗaya ne ya rage yana aiki a Yerevan, shi ma Iran ce ta gyara shi. Kowane ɓangare ya haddace lambar mamatansa, ya manta ta maƙwabci. Yanzu Baku ta fara kiran Armeniya kanta “Azarbaijan ta Yamma”, wannan kuwa barazana ce tsirara, kuma ƙauyen da ya zama kufai ya fi sauƙin haɗiya a kan wanda hayaƙi ke tashi a cikinsa.

Sabawa da zama su kaɗai ya sa baƙo yana yi musu nauyi. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, dubban Rashawa masu aikin kwamfuta sun sauka Yerevan, tattalin arziki ya haura da fiye da kashi 12 cikin ɗari a shekarar, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Indiyawa ma sun shigo da dubbansu, suna aikin gini da kai saƙon abinci, irin aikin da 'yan ƙasar ke tafiya yi a Rasha. Ƙasar da 'ya'yanta suka ci arzikin karamcin Halab da Addis Ababa ya kamata ta fi kowa sanin yadda ake sauke baƙo har ya zama ɗan gari.

Abin da zai riƙe mutum a Gyumri sananne ne. Birnin yana dab da iyaka, akwai layin dogo da ya haɗa shi da Kars, wadda yanzu ke cikin Turkiyya, tun ƙarshen ƙarni na 19, an rufe shi a 1993. Mai kaya da ke son kai tufa ko barasa kasuwar Rasha sai ya bi ta Jojiya, ya yi layi a mashigar Upper Lars da dusar ƙanƙara ke toshewa kwana da kwanaki. A Fabrairun 2023 an buɗe gadar Margara na ɗan lokaci don motocin agaji su kai wa Turkiyya taimakon girgizar ƙasa, duniya ba ta tashi ba. Ranar 8 ga Agustan 2025 Pashinyan da shugaban Azarbaijan Ilham Aliyev sun amince da daftarin yarjejeniyar zaman lafiya a Washington. Sulhun mai ɗaci ne, na wanda aka ci da yaƙi, kuma ban ɗauki Aliyev mutumin da za a juya wa baya ba. Amma uwar da ta tabbata ɗanta zai dawo daga bariki da ƙafarsa ta fi kusa da sake haihuwa a kan wadda aka ba dram 50,000.

Baku ta ce ba za ta sa hannun ƙarshe ba sai Armeniya ta sauya gabatarwar tsarin mulkinta, wadda ke nuni ga sanarwar 'yanci ta 1990 mai ambaton haɗewa da Karabakh. Pashinyan ya ce za a kai sabon tsarin mulki gaban jama'a su kaɗa ƙuri'a. Tun 2007 dokar zaɓen ƙasar ta hana jefa ƙuri'a daga waje, in ban da jami'an diflomasiyya da 'yan kaɗan irinsu. Mai fasfo da ke son ya yi zaɓe sai ya sayi tikiti ya zo. 'Yan ƙetare sun daɗe suna kukan wannan doka. Ni ina ganin a bar ta yadda take.